A Bar Su Su Hau?

Shekara uku ke nan da aure, amma har yau Amarya ake ce mata a gidan, don ba a sake kawo wata ba, kuma aikin amarya bai ƙare ba. Ranar Alhamis da yamma tana tsugune a gindin famfo, kwanuka sun taru mata har gwiwa, sai ga mijinta ya faɗo gidan yana washe baki kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Shi mai gyaran esi ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ita Injiniya take ce masa, uwarsa Inna tana ce masa Auta, amma unguwa kaf Malam To suka sani. Dalili kuwa, tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa jin a'a a bakinsa. Ara mini babur, to. Ara mini rigar wuyanka, to. An ce likita ya taɓa ce masa za a cire masa haƙori ya ce to, alhali ƙafa ce ta kai shi asibiti.

Ya yafito ta da hannu suka shiga ɗaki. Ɗakin nasu kuwa suna ne kawai nasu. Firijin gida a ciki yake, makullin ƙofa ya ɓace tun satin biki, don haka duk mai jin ƙishirwa sai dai ya ɗaga labule ya shigo.

"Amarya, albishirinki!" ya ce a hankali. "Kin san ƙaton otal ɗin nan mai gilashi na tsakiyar gari? Esin zauren taronsu ya mutu ana saura awa biyu manyan baƙi su iso, na tashe shi. Manaja ya ce in zo da iyalina mu yi kwana biyu. Ɗaki, abinci, komai kyauta!"

Ta dafe ƙirji. "Ni da kai? Mu biyu rak?"

"Mu biyu rak."

Hawaye suka ciko mata. Ba gilashin ne ya dame ta ba. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma ƙarami: ta zauna da mijinta su ci abinci da zafinsa. Shekara uku ita ke dafawa, ita ke rabawa, kafin ta zauna an kira ta sau biyar, ta dawo ta tarar miya ta daskare, shi kuma an aike shi.

"Injiniya, alfarma ɗaya. Kada ka faɗa wa kowa sunan wurin."

"To."

Bai rufe baki ba labule ya ɗaga. Yaya Babba ce, yayarsa, wadda ta zo yin kwana uku tun bara. Kofi a hannunta.

"Wane wuri ne ba za a faɗa ba?"

Malam To ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, ya sosa ƙeya. Kafin kofin ya cika ya faɗi sunan otal, ya faɗi titi, har da launin ƙofa.

Da gari ya waye Amarya ta jawo babban akwatinta ta zuba komai: kayan sawa, takardun makarantarta, hoton aurensu, har 'yar tukunyar da mahaifiyarta ta ba ta. Ta yanke wa kanta shawara: in kwana biyun nan ma aka cinye mata su, daga otal ba za ta dawo gidan nan ba, gidan ubanta za ta wuce.

Ranar Asabar da hantsi suka iso. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, Malam To ya ce mata, "Na gode." Da ma ta ƙofar baya ya saba shiga da jakar kayan aiki. Ƙasa tana sheƙi har Amarya ta ga fuskarta a ciki, ta riƙa takawa a hankali kamar mai tsallake rafi.

Wata mai fara'a a risefshan ta miƙo musu kati biyu. "Wannan shi ne makullinku, hawa na goma sha ɗaya. Lifta ba ta tashi sai da kati. In kun yi baƙi, ba ma barin kowa ya hau sai mun kira ɗakinku mun tambaya. Kuma kun yi dacen wuri, muna tsakiyar gari, daga kowace unguwa mota ɗaya ce zuwa nan."

Mota ɗaya! Amarya ta waiwaya ta dubi ƙofa.

Wani ƙato mai jar hula ya zo ɗaukar akwati, ya ɗaga, ya aje, ya sake gyara tsayuwa. "Hajiya, kwana biyu aka ce mini ko wata biyu?"

"Mata ke nan!" in ji Malam To yana dariya. Ita ba ta yi ba.

Ɗaki kuwa, ɗaki! Gado ya isa a yi taron suna a kansa. Zanin gado fari fat, tawul an naɗe kamar furanni, ga butar lantarki da kofi biyu, ga talabijin ya cinye rabin bango. Ta taga gari duk yana ƙasa, motoci kamar kiyashi. Malam To ya nufi esi kai tsaye ya kara kunne. "Lafiya lau yake," ya ce, kamar an tambaye shi.

Amarya ta kasa zama. Ta zauna a bakin gado ta miƙe. Ta gyara filo, alhali a gyare yake. Ta je taga ta dawo. Shirun wurin ne ya hana ta sukuni, kunnenta sai jira yake a ƙwala mata kira.

"Zauna mana," ya ce. "Nan ba mai aikenki. Bari ki ga yadda manya suke yi." Ya ɗauki wayar da ke gefen gado, ya sa murya irin ta masu kuɗi, ya ce a kawo shinkafa da kaza na mutum biyu, da zafinsa. Ya aje, ya zo ya zauna kusa da ita. Ya kama hannunta, ya ga yadda omo ya cinye yatsun, ya buɗe baki zai yi magana...

Kirrrr!

Ya ɗauka. Ɗakin shiru, don haka ta ji komai. "Ranka ya daɗe, kun yi baƙi. Wata dattijuwa ta ce ita ce mahaifiyarka, da wata ta ce yayarka ce. A bar su su hau?"

Amarya ta zuba masa ido. Ya kauda kai.

"To."

Inna ta shigo tana haki, ta riƙe bango. "Wannan akwatin da ke tashi da mutane, ai sai da na yi kalmar shahada! Na ce bari dai in zo in ga inda aka kai mini ɗa." Yaya Babba kuwa waya na sama tun daga bakin ƙofa. "Wayyo, kalli bed! Amarya matsa, kina ɓata mini selfi."

"Sannunku da zuwa, Inna," in ji Amarya. Ta durƙusa, ta karɓi mayafi, ta cire mata takalmi. Hannunta ne ya yi, tun kafin zuciyarta ta yarda.

Ba a yi minti ashirin ba, kirrrr! Kawu ne, ƙanin Inna. Ya ji labarin girman talabijin, kuma yau ana buga ƙwallo. A bar shi ya hau? To.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Abinci ne a kan teburi mai taya, an kife da murafe masu ƙyalli. Da aka ɗaga, tururi ya tashi, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Ikon Allah, kamar sun san muna tafe!" in ji Kawu.

Wa zai raba? Ai an sani. Amarya ta zuba wa Inna cinya, ta ba Kawu ƙirji, Yaya Babba ta ɗauki nata da kanta har da na gobe. Malam To ya samu fiffike. Ta ɗauki cokali ke nan Inna ta ce, "'Yar nan, sanyin nan zai karya mini gwiwa, haɗa mini shayi." Kofi biyu ne kacal, mutum huɗu masu sha, don haka ta yi ta safa da marwa tsakanin buta da banɗaki, ta wanke, ta zuba, ta wanke, ta zuba. Da ta dawo kan farantinta, Kawu ya riga ya taimaka mata. Ƙashi ɗaya ya rage, yana kallonta tana kallonsa.

Malam To yana tsaye a kan kujera yana rage wa Inna esi. Kawu yana ihu, "Buga mana, ɗan banza!" Yaya Babba ta shige banɗaki ta yi wankan awa guda, ta fito sanye da farar rigar wankan otal, aljihunta cike da ƙananan sabulai, ta ɗauki waya ta ce a ƙaro tawul. Ruwa kuwa ya biyo ta har bakin kafet.

"Ke Amarya, goge wurin nan kada su ce mu ƙazamai ne."

Ta shiga banɗakin ta rufo ƙofa, ta durƙusa da tawul a hannu. A nan ne hawayen suka ɓalle. Tana gogewa suna zuba, tana gogewa suna zuba. A ranta ta fara lissafin motar da za ta kai ta gidan ubanta.

Ƙofar banɗakin ta buɗe. Wata dattijuwa ce cikin yunifom, tawul a kafaɗa, mai gyaran ɗakuna. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke kuma yaushe aka ɗauke ki aiki ba a gaya mini ba? Ina yunifom ɗinki? Wannan hawan nawa ne!"

"Baba, ni ce... ni ce baƙuwar."

Mai gyaran ɗaki ta leƙa waje ta ga Yaya Babba a miƙe a gado cikin farar riga, ta dawo da ido kan wadda ke durƙushe. Ta tafa hannu.

"La ilaha! Shekara ashirin ina aikin nan. Na ga baƙon da ya kwana a baho, na ga wanda ya shanya wando a kan fitila, amma ban taɓa ganin baƙon da ya riga ni durƙusawa ba. Tashi, 'yata. Ba ni tsumman nan, kada ki sa a kore ni."

Ta ɗago ta, ta share mata fuska da sabon tawul. Ba su ankara ba sai suka ji salati daga ɗaki.

Yaya Babba ce ta buɗe akwati neman man shafawa. Da suka fito, kaya sun baje a kan gado: zannuwa, takardu, hoton aure, da 'yar tukunya a tsakiya. Kawu har ya rage sautin ƙwallo.

"Inna, kalli!" in ji Yaya Babba. "Wannan kayan kwana biyu ne? Wallahi guduwa za ta yi!"

Inna ta aje kofi. "'Yar nan, mene ne wannan?"

Malam To ya sauko daga kujera a hankali. Ya ɗauki hoton. "Amarya... tukunyar mamanki ce wannan. Ina za ki?"

Ta durƙusa a gaban Inna. "Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa ƙin yi miki hidima ba, kuma ba zan ƙi ba. Amma shekara uku ban ci abinci da zafi tare da mijina ba. Shekara uku ban gama magana ɗaya da shi ba a ɗaga labule ba. Kwana biyu kawai na roƙa. Na ce in su ma ban samu ba, gara in koma gidanmu, don ni ban san ko ina da miji ba, ko aro aka ba ni."

"Ji sharri!" in ji Yaya Babba. "Wa ya hana ki ci?"

"Hajiya, ni dai ba ruwana," mai gyaran ɗaki ta ce tana tattara faranti, "amma faranti ba ya ƙarya. Waɗannan huɗun an ci. Wannan kuwa ko cokalinsa bai jiƙe ba."

Inna ta dubi cokalin. Ta daɗe tana dubansa.

"To ke me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Inna, a wane ɗaki zan faɗa?"

Sai kirrrr!

Kowa ya juya. Malam To ya tsaya da hoto a hannu. Kirrrr! Ya taka kamar mai zuwa wurin allura, ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, kun ƙara yin baƙi. Sun ce gwaggonka ce da maƙwabta, mutum bakwai, da tabarma. A bar su su hau?"

Bakinsa ya buɗe, laɓɓansa har sun tattaru za su yi abin da suka saba. Ya dubi Inna. Ya dubi akwati. Ya dubi matarsa a durƙushe, yatsunta jawur. Gumi ya keto masa duk da sanyin esin ɗakin.

"A... a..."

"Na'am, ranka ya daɗe?"

"A'a! A'a na ce! Ki gaishe su da kyau, ki ce mun gode, sai mun dawo gida. Kuma ko wa ya zo daga yanzu har Litinin, amsar ke nan. A'a!"

Ya aje waya yana haki kamar wanda ya hau hawa goma sha ɗayan da ƙafa. Rimot ya suɓuce daga hannun Kawu.

"Auta," in ji Inna a sanyaye, "mu ma korarmu za ka yi?"

Ya zube a gabanta. "Inna, ban isa ba. Da kaina zan raka ki ƙasa in sa ki a mota, kuma duk abin da kika ce in yi a duniya zan yi. Amma kwana biyun nan nata ne. Ta roƙe ni abu ɗaya na ce to, ban kai ƙofa ba na karya. Laifin ba naki ba ne, nawa ne. An tambaye ni sau biyu, ni na ce a hau." Ya juya ga Amarya, idonsa ya kawo ruwa. "Ki yafe mini. Kada ki tafi. Wallahi in kika tafi, ko esin duniya aka kunna mini ba zan ji sanyi ba."

Amarya ta so ta daure, dariya ta kubce mata a tsakiyar kuka.

Inna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani. Kowa ya ɗauka faɗa za ta yi, kuma ta yi, sai dai ba inda aka zata ba.

"Ke! Cire musu rigar mutane! Uwar mata da ke, kin baje a gadon ƙaninki, ko kunya babu! Zazzage sabulan nan. Kai kuma kashe ƙwallon nan, tashi!"

"Yaya, saura minti goma a tashi..."

"Ka ƙarasa a gidanka!"

Ta zo gaban Amarya ta ɗago ta da hannunta. "'Yar nan, ni na ga ba kya gajiya, sai na manta mutum ce ke. Mayar da tukunyarki. In ke kika tafi, ai ni aka saka, ba shi ba." Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗan tsuke fuska. "Da ma sanyin ɗakin nan bai karɓe ni ba."

A bakin ƙofa ta ga mai gyaran ɗaki ta ciro wani kwali mai ƙugiya. "Wannan fa na mene ne?"

"In aka rataya shi a hannun ƙofa, Hajiya, ko manaja bai isa ya ƙwanƙwasa ba."

"Kawo nan." Inna ta karɓa, ta rataya da kanta, ta daddanna don kada ya faɗi.

Da Malam To ya dawo daga rakiya, ya sake ɗaukar waya. Wannan karon da teburi mai taya ya iso, shi ya cire kwalin ya karɓa, ya mayar, shi ya ɗaga murfi, shi ya zuba mata. Amarya ta kai cokalin farko baki ta saki ƙara.

"Wash! Harshena!"

"Lafiya?"

"Zafi! Ashe haka yake!" Ta yi ta fifita baki tana dariya, hawaye na zuba, ta ƙi yarda ta jira ya huce.

Ranar Litinin da za su fita, mai fara'ar risefshan ta miƙo takardar jin ra'ayin baƙi. Amarya ta karɓi biro. Ɗaki: madalla. Ma'aikata: Allah ya yi wa Baba ta hawa na goma sha ɗaya albarka. Wuri: ya yi kusa da gida da yawa. Abin da ya fi burge ku: wayar da ake tambaya kafin a hau.

Ƙaton mai jar hula ya sa akwati a mota ya ce, "Ina za a kai ku?" Malam To ya dubi matarsa.

"Gida," ta ce. "Gidanmu ni da shi."

Suna shiga suka ga firiji a tsakar gida an kafa masa rumfa. A ƙofar ɗakinsu kuwa ga sabuwar sakata, kafinta bai ma share garin katakon ba. Yaya Babba, aka ce, ta tuna tana da miji ta koma. Sun shiga ke nan, ko akwati ba su buɗe ba, suka ji ƙwan-ƙwan-ƙwan.

"Salamu alaikum. Ni ce. A bar ni in hau?"

Amarya ta ruga ta zare sakata ta rungume ta. "Inna, shigo! Ke kam kullum to ce!"

"A'a," in ji Inna, "ki dai bari in riƙa tambaya."

To 'yan'uwa, kun dai ji. Haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa banza, Amarya ta yi shi ta ci riba, amma haƙurin da ba ya buɗe baki cikin ladabi, akwati yake haɗawa a ɓoye. Namiji kuma ya sani, girmama uwa wajibi ne, kare mata amana ce, ɗaya ba ya cin ɗaya. Wanda bai iya a'a ba, to ɗinsa ba ta da daraja. Dangi kuwa, gaskiya ne zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar kirki takan tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama.

Sunan dai bai canza ba, har yau Malam To ake ce masa. Sai dai yanzu in ka je aron babur, ka tafi da kuɗin mota a aljihu.